Babi na Bakwai: Dajin Yankari a Kan Takarda

Waɗanda suke buɗe kundin ilimi su nemi Dajin Yankari mutane ne irin ɗalibar sakandare da aka ba ta aikin gida, da ɗan jaridar da edita ya ce ya haɗa labari kafin la'asar, da magidancin da yake shawarar kai iyalinsa yawon buɗe ido a hutun sallah, da wanda ya ji a rediyo cewa giwaye sun shiga gonaki a Alkaleri, yake son ya san daga ina suka fito. Masanin tsirrai yana da littattafansa da rahotannin 'yan'uwansa masana, da wuya ya biyo ta nan. Amma in ka duba yawancin maƙalun da ake rubutawa a kan dazuzzukanmu, ko a Wikipedia ta Hausa ko a littattafan makaranta, sai ka ga kamar shi kaɗai aka yi wa rubutun. Abin yana damuna ƙwarai, domin yaron da ya karanta bayanin dajin ƙasarsu bai fahimta ba, ba zai ɗora wa rubutun laifi ba. Zai ɗauka ilimin ne ya fi ƙarfinsa, ya rufe littafin ya tashi.

Na zaɓi Yankari ne saboda an daɗe ana bincike a cikinsa, bayanansa suna nan tuli, saboda haka ba rashin abin faɗa ne ke ɓata maƙalarsa ba. Abin da za mu gani a kansa ya shafi mai rubutu a kan Falgore ko Kamuku ko Sambisa.

Ga irin sakin layin da yakan buɗe maƙalar. Ni na haɗa shi don misali, amma duk wanda ya saba karanta irin waɗannan rubuce-rubuce zai gane kamanninsa:

"Yankari wani yanki ne mai kariya da ke cikin shiyyar tsirrai ta sabanar Sudan, mai faɗin hekta 224,400, wanda ke ɗauke da nau'o'in halittu masu shayarwa fiye da 50 da nau'o'in tsuntsaye fiye da 350, tare da rinjayen Afzelia africana da Combretum glutinosum a kan shimfiɗar duwatsun Kerri-Kerri."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan jumla. Amma ta ɗauko magana biyar ta ɗaure su da igiya ɗaya, ta kai ƙarshe ba ta ambaci Bauchi ba, ba ta ambaci giwa ba, ba ta ce wa ya keɓe wurin ko don me ba. Tsarinta na wanda ya riga ya san dajin ne yake tuna wa kansa. Sau da yawa kuma asalinta rubutun wani harshe ne aka zuba wa na'ura ta juya shi, aka kwashe yadda ya fito aka liƙa, ba wanda ya tsaya ya karanta shi da ƙarfi ya ji ko bakin Bahaushe zai iya furta shi. To a gwada wannan:

"Yankari babban gandun namun daji ne a Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, kudu maso gabas da garin Bauchi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. An fi saninsa da giwaye, waɗanda su ne garke mafi girma da ya rage a Najeriya, da kuma maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki. Kogin Gaji ne ya ratsa shi, kuma a bakinsa dabbobin suke taruwa da rani. A 2006 gwamnatin tarayya ta mayar da shi hannun Jihar Bauchi."

Jumla shida, kowace da aikinta ɗaya. Wanda ya karanta nan ya tsaya, ya tafi da abin da zai iya gaya wa wani. Sunayen kimiyya da duwatsun Kerri-Kerri ba a jefar da su ba, an dai ɗage su zuwa inda mai karatu zai riga ya sami wurin ajiye su. Aikin ya yi kama da yi wa baƙo kwatancen hanya: daga inda yake tsaye ake farawa. Mai son zuwa Yankari za ka ce masa ya kama hanyar Gombe daga Bauchi, in ya kai Dindima ya karya kudu har ƙauyen Mainamaji inda ƙofar shiga take, daga nan kuma akwai sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai a cikin dajin kafin masaukin Wikki. Ba za ka fara masa da Wikki ba sannan ka dawo Bauchi.

Sai lissafi. Hekta 224,400 da murabba'in kilomita 2,244 abu ɗaya ne, kuma dukansu biyu ba sa nuna wa ido komai sai an taimaka musu. Da a ce dajin murabba'i ne sak, kowane gefe nasa zai kai kimanin kilomita 47, wato tafiyar da mai ƙarfin ƙafa zai fara da asuba bai gama ba sai dab da magariba. Ruwan saman da ake yi a can a shekara yana tsakanin milimita 900 da 1,000. Manomi ba ya auna damina da milimita, amma in ka ce masa da ƙasa ba ta shanye ba, rana ba ta busar ba, ruwan shekara guda zai kai wa babban mutum ƙugu, ya gane. A bar lambar a wurinta, saboda mai bincike zai neme ta, a ƙara mata jumla ɗaya da za ta mayar da ita abin gani.

Wajen itatuwa ne muke da arzikin da marubutanmu suke sakaci da shi. Afzelia africana kawo ne. Combretum glutinosum taramniya ce. Sauran itatuwan da suka cika tudun Yankari su ne irin su marke da taura da doka da madobiya, a ƙarƙashinsu kuma ga gamba da sauran dogayen ciyayi. A kwarin kogi akwai maɗaci da maje da ɗinya da tsamiya da giginya. Bahaushen da ya ji wannan jeri ya riga ya ga wurin: ya san daji ne mai itatuwa tsaka-tsaki, a wawwarwatse, rana tana kaiwa ƙasa, mutum yana hangen gabansa, sai an gangara bakin ruwa ake shiga duhuwar kurmi. Wannan hoton shi ne abin da "sabanar Sudan" take nufi, kuma sunayen Hausa sun ba da shi ba tare da wani dogon bayani ba. Sunan kimiyya yana da amfaninsa, don wani lokacin sunan itace yakan sauya daga Sakkwato zuwa Bauchi, kuma ɗalibin da zai ci gaba da bincike da shi zai nema. A sa shi sau ɗaya bayan sunan Hausa, daga nan a ci gaba da na Hausar. In marubuci bai tabbatar da sunan Hausa na wani itace ba, ya tambayi mai sassaƙa ko mai maganin gargajiya ko makiyayi, kada ya ƙaga.

Kuma sunan itace yakan buɗe ƙofar labari. Madobiya, wadda masana ke kira Pterocarpus erinaceus, ita ce itacen da aka yi wa mummunan sara a jihohi irin su Taraba a shekarun 2010, ana loda gungumanta zuwa Sin don yin kujeru da gadaje masu tsada, har daga 2017 aka sa ta a jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Jumla biyu kacal a kan wannan sun isa mai karatu ya fahimci dalilin da ya sa madobiyar da ke tsaye a cikin gandun daji take da daraja.

Akwai wani ƙanin mahaifina, manomi ne da ya yi farauta a ƙuruciyarsa, bai taɓa taka Yankari ba kuma ba ya karatun boko. Wata rana da yamma na zauna na karanta masa wata maƙala a kan dajin, irin mai jera dabbobi ɗaya bayan ɗaya: giwa, zaki, ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, dorina, gadu, gwaggon biri. Yana saurare yana gyaɗa kai, don duk ya san su. Da na kai ƙarshe sai ya ce, "To ɗana, duk wannan nama, ina yake shan ruwa da rani?"

Na ce, "Baffa, ba su faɗa ba."

Ya ce, "Ai kuwa ba su gaya maka komai ba. Ka nuna mini inda ruwa yake, ni zan nuna maka inda naman yake kwana."

Tambayar Baffa ita ce ƙashin bayan maƙalar Yankari, kuma ina ganin ita ce ƙashin bayan kowace maƙala a kan daji a ƙasar da ake yin wata shida ko bakwai babu ruwan sama. A nan ne duwatsun Kerri-Kerri da muka ɗage ɗazu suke samun mazauninsu. Ƙarƙashin Yankari dutse ne mai yashi-yashi wanda ruwa ke ratsawa. In an yi ruwa daga Mayu zuwa Satumba, ba ya daɗewa a saman tudu, nitsewa yake yi. Da zarar damina ta ɗauke, kududdufai su ƙafe, faɗin tudun nan duka ya zama babu wurin shan ruwa. Shi kuwa ruwan da ya nitse yana nan yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, har ya ɓullo a kwarin Gaji ta maɓuɓɓugai, shi ya sa kogin da fadamunsa ba sa bushewa duk tsananin rani.

Wikki ita ce babba a cikin maɓuɓɓugan nan. Ruwan yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani gaɓar dutse, garai-garai, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Zafinsa kimanin digiri 31 ne a ma'aunin Selshiyos, dare da rana, rani da damina. Jikin ɗan Adam digiri 37 ne, saboda haka ruwan bai kai zafin jiki ba: da safiyar hunturu mai wanka zai ji shi da ɗumi, da tsakar ranar bazara kuma zai ji shi da sanyi-sanyi, alhali ruwan bai sauya ba, iskar waje ce ta sauya. A saman itatuwan da suka yi wa wurin rumfa gwaggon birai suna zaune suna lura da jakar kowa, wanda ya ajiye abincinsa ya juya baya ya rabu da shi. Dalilin ɗumin kuwa ba wani abin al'ajabi ba ne da ya gagari bayani. Duk yadda aka nitsa cikin ƙasa zafi ƙaruwa yake yi, kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita, to ruwan da ya yi nisa a ƙasa kafin ya dawo sama yakan taho da ɗumin can.

Duba abin da wannan bayani guda ya warware. Ya nuna dalilin da ya sa manyan itatuwa masu duhuwa suke bin kogi, tudu kuwa sai na tsaka-tsaki masu jure ƙishi. Ya nuna dalilin da ya sa giwa, wadda takan sha fiye da lita 100 a yini, ba ta nisa da Gaji da rani. Ya amsa tambayar magidancin nan mai shirin kai iyalinsa: a ƙarshen rani aka fi ganin dabbobi, lokacin da ciyawa ta kwanta, ganye ya kaɗe, kowa ya taru a bakin ruwa, da damina kuwa sun bazu cikin gamba mai shanye mutum. Ya nuna inda maharbi zai yi kwanto da kuma inda masu gadin daji za su fi sa ido. Ya ma taɓo tarihi, domin ƙudan tsando mai sa wa shanu sammore a irin wannan duhuwar bakin kogi yake zama, kuma yana cikin abubuwan da suka daɗe suna sa makiyaya kaffa-kaffa da kwarin. Maƙalar da ta raba waɗannan gida-gida, duwatsu a sashe ɗaya, yanayi a wani, tsirrai a wani, dabbobi a wani, ba tare da zaren da ya haɗa su ba, ta bar wa mai karatu aikin da marubuci ya kamata ya yi. Ba na cewa a rushe sassan, kundin ilimi yana buƙatarsu don mai neman abu ɗaya ya same shi da sauri. A dai sa kowane sashe ya fara da jumlar da ta ɗaure shi da na bayansa, kuma kalmomin "saboda" da "shi ya sa" su yawaita. A nan ake gane marubucin da ya fahimci abin da yake rubutawa, don wanda ya kwafo kawai ba zai iya cewa "shi ya sa" ba.

Haka batun wuta. Mai karatu ya ji an ce gobara tana cin dajin kowace shekara, zai ɗauka masifa ce zalla. Gaskiyar ita ce itatuwan irin wannan daji sun saba da wuta, yawancinsu ɓawonsu kauri gare shi, kuma lokacin ƙunar ne yake bambanta. Wutar farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, takan wuce sama-sama ta bar sabon toho ga dabbobi. Ta ƙarshen rani, da komai ya bushe ƙayau, ita ce mai kashe ƙananan itatuwa.

Jerin dabbobi ma yana da tarkonsa. Yawancin jerin da ke yawo tsofaffi ne, an kwafo su daga wanda ya kwafo daga wani, kuma ba sa bambanta abin da yake nan da abin da ya taɓa kasancewa. Raƙumin dawa da rabbi da kyarkeci duk sun taɓa zama a Yankari, yanzu babu su. Zaki yana cikin jeri, amma a wane hali? Zakin Afirka ta Yamma yana cikin dabbobin da ƙungiyar IUCN ta sa a sahun masu dab da ƙarewa a 2015, kuma binciken da aka yi kafin nan ya nuna wuri biyu kaɗai ya rage masa a Najeriya, Yankari da gandun dajin Tafkin Kainji, su ma 'yan ƙalilan ne. In maƙala ta rubuta "zaki" a tsakanin gadu da gwaggon biri, waɗanda suke yawo har cikin masaukin baƙi, ta sa mutum ya yi zaton duk ɗaya suke a yawa. Gara a ambaci dabba goma a faɗi halin da kowace take ciki da a jera hamsin babu bayani.

Giwaye kuwa, duk lambar da za a rubuta a kansu sai da shekararta. Ƙidayar da aka yi a tsakiyar shekarun 2000 ta ba da sama da 300. Ƙiyasin da masu kula da dajin suka riƙa bayarwa bayan shekara goma da wani abu ya dawo tsakanin 100 da 150. Wanda ya rubuta "akwai giwaye sama da 300 a Yankari" ya bar shekara, ya faɗi abin da ya taɓa zama gaskiya a matsayin gaskiyar yau. In aka jera lambobin biyu da shekarunsu, mai karatu da kansa zai tambayi abin da ya faru a tsakani, kuma a nan ne marubuta suke ɓuya a bayan jumlar da ba ta da mai aikatawa: "an samu raguwar adadi sakamakon ayyukan ɗan Adam." Wane ɗan Adam, wane aiki? Maharba ne suka riƙa kashe giwaye saboda haurensu, duk da cewa tun 1989 aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe. A ƙara da cewa giwa tana ɗaukar ciki wata 22, kuma takan yi shekara huɗu ko biyar tsakanin haihuwa da haihuwa, nan take mai karatu zai gane abin da ya sa garken da aka rage a 'yan shekaru yake ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo.

Tarihin riƙon dajin gajere ne in an bi shi a jere. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a ranar 1 ga Disamba, 1962. Da aka ƙirƙiro jihohi ya shiga hannun Jihar Arewa maso Gabas a 1967, sannan Jihar Bauchi a 1976. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta mai da shi gandun daji na ƙasa, a 2006 kuma, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, aka mayar wa Bauchi. Daga 2014 ƙungiyar Wildlife Conservation Society ta shiga yarjejeniya da jihar don taimakawa wajen tsaron namun dajin. Har yanzu za ka ga rubuce-rubuce suna kiransa gandun daji na ƙasa kamar ba a yi 2006 ba, kuma wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, domin wanda yake son ya san wa zai tambaya in ya ga ɓarna, an nuna masa ƙofar da ba ita ba.

Kafin 1956 fa? Maƙalu da yawa sukan fara tarihin daji daga ranar da gwamnati ta shata masa iyaka, kamar kafin nan babu kowa. A Yankari kuwa ƙasa da kanta ta ƙaryata haka. Akwai gomman tsofaffin wuraren narkar da tama a yankin Shau Shau. Akwai rijiyoyin Dukkey, fiye da 100, da aka haƙa don tara ruwa. Akwai ɗakuna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda ake kira Kogunan Marshall da sunan P. J. Marshall da ya fito da bayaninsu a 1980. A irin wannan wuri dole marubuci ya raba abin da ido ya gani da abin da ake hasashe. Ɗakunan suna nan, an ƙirga su, wannan tabbas ne. Cewa mutane sun haƙa su ne don ɓuya daga masu kamen bayi, wannan fassara ce da ake yawan bayarwa, kuma sai a rubuta ta a matsayinta: "ana kyautata zaton". Masu sauƙaƙa rubutu sukan share irin wannan 'yar kalma don jumla ta yi santsi, su mayar da zato tabbas. Mai karatu na gama-gari yana fahimtar bambancin "an ce" da "na gani" sarai, da shi yake rayuwa kullum a kasuwa da majalisa, babu dalilin ɓoye masa shi.

Kirari kuma a bar wa masu tallan yawon buɗe ido. "Aljannar duniya", "babu kamarsa a faɗin Afirka", duk ba su da gurbi a kundin ilimi. Ruwan da ya tsaya a digiri 31 shekara da shekaru ba ya buƙatar a yi masa kirari.

Sashen da ya fi wuyar rubutawa shi ne na maƙwabtan dajin, kuma shi ne wanda aka fi yi wa gajeren hannu. Babu ƙauye a cikin Yankari, amma kewaye da shi garuruwa ne da gonaki na gundumomin Duguri da Pali da Gwana, kuma babu katanga tsakaninsu da giwa. Giwa ɗaya tana iya cin abincin da ya kai kilo 150 a yini. In garke ya fito da daddare ya faɗa gonar masara ko dawa ana dab da girbi, kafin gari ya waye abincin shekarar wani magidanci ya tafi. Makiyayi ma yana hangen ciyawa da ruwa a cikin gandu a watan da nasa wurin ya zama ƙura. Maƙalar da ta tattara waɗannan mutane a kalma ɗaya, "barazana", ta zalunce su, kuma ta hana mai karatu fahimtar rikicin. Wadda kuma ta yi shiru a kan abin da shigar shanu ke jawowa ta ɓoye rabin gaskiya: garken shanu yana korar namun daji daga bakin ruwa, yana kuma kawo cuta, kamar yadda ciwon bushiya da ya ɓarke a shanun Najeriya a farkon shekarun 1980 ya tsallaka ya kashe ɓauna da gadu a Yankari.

Hanyar rubuta wannan sashe ita ce a ba kowa dalilinsa a jumla mai sunan mai aikatawa. Manoma suna korar giwaye saboda suna cinye musu amfani. Giwaye suna fita saboda hanyoyin da suka saba bi tun kafin a shata iyaka yanzu sun zama gonaki, kuma hatsin da ya nuna ya fi ciyawar daji daɗi da ƙosarwa. Makiyaya suna kutsawa saboda burtali da makiyaya sun ƙuntata a waje. Masu gadin daji suna sintiri a ƙafa, kwana da kwanaki, suna fuskantar maharba masu bindiga. Daga nan sai a faɗi abin da ake gwadawa: an ɗaura wa wasu giwaye na'urar da tauraron ɗan Adam ke bin sawunta don a san inda garke ya dosa, an kuma ɗauki mutane daga ƙauyukan da ke kewaye su riƙa lura da fitowarsu suna sanar da jama'a da ma'aikata tun kafin su kai gona. Mutumin da ya ji labarin Alkaleri a rediyo a wannan sashe zai sami amsarsa, kuma akwai yiwuwar ɗan wanda aka cinye wa gonar ma ya karanta shi a wayarsa. Kafin a saki maƙalar, a nemi wani daga ƙauyukan nan a karanta masa sashen da ƙarfi, a kuma karanta wa mai gadin daji, a gyara duk inda ɗayansu ya ce ba haka abin yake ba, bayan an bincika an tabbatar.